Ungulu Ba Ta Jewar Banza: Darajar Dabba da Haƙƙinta a Kanmu

Gabatarwa



An nemi in yi magana a kan dabbobi da namun daji, da irin haƙƙin da suke da shi a kan ɗan'adam. Wannan fage ne mai faɗi ƙwarai, domin ya shafi masana kimiyyar halittu, da likitocin dabbobi, da malaman addini, da masu shari'a. Ni kuwa fannina shi ne harshe da adabin Hausa, saboda haka ta wannan ƙofa zan shiga. Maimakon in bi namun daji ɗaya bayan ɗaya, na zaɓi tsuntsuwa guda wadda kowa a nan ya san sunanta, amma da wuya a sami mai ƙaunarta, watau ungulu, ko angulu kamar yadda wasu ke faɗi.

Duk wanda ya ba shekara hamsin baya ya san lokacin da ba a raba mayanka da ungulu, ba a raba ta da kasuwa ko juji. A yau kuwa, a yawancin manyan garuruwanmu, yaro yana iya gama firamare bai taɓa ganinta ba sai a littafin karatu. Ta ɓace a gaban idonmu, ba mu kuwa yi cigiya ba. Abin da nake so in nuna shi ne, ma'aunin da muka saba auna darajar dabba da shi, watau sha'awa da kuɗi, ma'auni ne mai tauyewa, kuma ɓacewar ungulu ita ce ta fi kome fito da wannan tauyewa fili.

Ungulu a Bakin Bahaushe

Bahaushe ya jera dabbobi daraja-daraja, kamar dai yadda ya jera mutane. Zaki shi ne manyan dawa. Da shi, da giwa, da bajimi makaɗan fada suke yi wa sarakuna kirari. Dila malamin daji ne a tatsuniya, kura kuwa ita ce ta ɗauki kwaɗayi da wauta. Ungulu tana can ƙarshen sahu. Ba maroƙin da zai kira ubangidansa ungulu ya kwana lafiya. In sunanta ya fito a waƙa, to, a wajen zambo ne.

Mu dubi karin magana. Idan an cuci mutum a ciniki, akan ce an yi masa ungulu da kan zabo. Idan mutum ya sami ɗaukaka, daga baya ya koma halinsa na da, sai a ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Idan kuma aka ga wani yana ta kai da kawowa a wurin da yake sa ran samu, sai a ce, ungulu ba kya jewar banza. Duk ukun suka ne, amma kowannensu yana ɗauke da lura. Bahaushe ya san a kan manyan itatuwa take sheƙa. Ya san jewarta a sama alama ce ta mushe a ƙasa, shi ya sa makiyayin da dabbarsa ta ɓata, ko maharbin da namansa ya gudu da kibiya, yakan ɗaga kai ya duba inda ungulaye ke kewaya.

Ashe ke nan ba rashin sani ne ya kawo rainin ba. Abin da ya faru shi ne, an ɗauki aikinta an mayar da shi laifinta. Saboda tana cin mushe sai aka kira ta ƙazama, aka manta da cewa ba ita ta kawo mushen ba, kawar da shi take yi. Haka muke yi wa 'yan'uwanmu mutane masu kwashe shara da masu yasar masai: muna neman aikinsu, muna ƙyamar hannunsu.

Aikin da Take Yi

Allah ya shirya wa ungulu jikin da ya dace da sana'arta. Kanta da wuyanta kusan babu gashi, don haka jini da ƙazanta ba su maƙale mata. Ruwan da ke narkar da abinci a cikinta yana da kaifi ƙwarai, har yana kashe ƙwayoyin cututtuka da yawa waɗanda za su halaka wata dabbar, irin su ƙwayar ciwon saifa na shanu. Tana hange daga nesa, kuma in ɗaya ta sauka sauran sukan gani su biyo. Saboda haka mushen da zai yi kwanaki yana wari yana tara ƙudaje, sai a wayi gari babu kome sai ƙashi.

A shekarar 2012 wata masaniya mai suna Darcy Ogada da abokan aikinta sun buga sakamakon gwajin da suka yi a ƙasar Kenya. Sun ajiye mushe a wurare dabam-dabam, wasu suka bar ungulaye su sauka, wasu suka hana. Inda aka hana, mushen ya ɗauki kusan ninki uku na lokacin kafin ya ƙare, kuma kuraye da diloli sun fi taruwa a kansa, suna cuɗanya da juna. Irin wannan cuɗanya ita ce hanyar da cuta ke bi daga wannan dabba zuwa waccan.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ma'aikacin gandun daji ya riƙe. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara. Takan kwanta a kansa wajen mako bakwai, ɗan kuma yakan yi watanni yana dogara ga iyayensa, sa'an nan ya yi shekaru kafin shi ma ya fara haihuwa. Ba kamar jan-baki ba ce, wanda ko an kashe dubbai, damina ɗaya ta ishe shi ya mayar da gurbi. In aka kashe ungulu ɗari a rana ɗaya, an yi ɓarnar da za a daɗe ba a gyara ba.

Abin da Ya Faru a Indiya

Don mu ga abin da rashin ungulu ke jawowa, sai mu leƙa ƙasar da ta riga mu rasa ta. Indiya ƙasa ce mai ɗimbin shanu, kuma mabiya addinin Hindu, waɗanda su ne mafi yawa, ba su cin naman saniya. In saniya ta mutu akan feɗe fatar, a bar wa ungulaye sauran. Miliyoyin ungulaye ne suke wannan aiki, ba ko sisin kwabo.

Wajen farkon shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da kumburi mai suna dikulofenak ya yi araha, aka shiga yi wa shanu allurarsa. In saniya ta mutu da sauran maganin a jikinta, ungulun da ta ci naman sai ƙodarta ta lalace, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Tsakanin 1992 da 2007, wani jinsin ungulu na can mai farin baya ya ragu har ya zama cikin kowace dubu ɗaya ce kawai ta saura. Sai a 2004 masu bincike a Fakistan suka gano musabbabin, a 2006 kuma Indiya da Fakistan da Nefal suka hana ba dabbobi wannan magani.

Da ungulaye suka tafi, mushe ya taru a bayan gari da bakin ruwa, karnukan da ba su da mai su suka sami abinci suka yawaita, ciwon haukan kare ya sami hanya. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun gwada yawan mace-macen mutane a gundumomin da ungulu ta saba zama da waɗanda ba ta saba ba, kafin ɓacewarta da bayanta. Ƙiyasinsu shi ne an yi asarar rayukan mutane wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005 a dalilin wannan ɓacewa.

Ina so ku lura da abu ɗaya a wannan labari. Babu wanda ya yi niyyar kashe ungulu ko ɗaya. Mai saniya tausayin saniyarsa ya ji, ya nema mata sauƙi. Tausayin dabba ɗaya da aka yi ba tare da sanin yadda halittu suke sarƙe da juna ba, shi ya kusa share jinsi guda daga doron ƙasa, ya kuma komo kan mutane. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Abin da Ke Kashe Ta a Afirka

A nahiyarmu hanyar mutuwar dabam ce, kuma da hannunmu a ciki ƙuru-ƙuru. Wani babban bincike da ya fito a 2015, wanda ita dai Ogada ta jagoranta, ya nuna jinsunan ungulu takwas na Afirka sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a cikin shekara talatin. Daga cikin mace-macen da aka rubuta, kashi 61 cikin 100 guba ce sanadi, kashi 29 kuwa kamu ne don sayar wa masu magani da tsibbu. A wannan shekara ce Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, watau IUCN, ta sanya ungulun nan tamu ta gari a jerin halittun da suke dab da ƙarewa.

Guba iri biyu ce. Akwai makiyayin da kura ko zaki ya kashe masa saniya, sai ya barbaɗa maganin ƙwari na gona a kan mushen don ya rama, ungulaye su riga kurar zuwa. Akwai kuma ɓarayin haure, waɗanda ke sa guba da gangan don kada jewar ungulu ta tona wa ma'aikatan daji inda suka kashe giwa. A watan Yuni na 2019, a ƙasar Botsuwana, an tsinci gawar ungulu 537 kusa da mushen giwa uku da aka sa wa guba.

A Afirka ta Yamma kuwa ciniki shi ne babbar matsala. A 2020 an kashe ungulu fiye da 2,000 da guba a ƙasar Gini Bisau, aka sami da yawa daga cikinsu an yanke kawunan. Kasuwannin Nijeriya suna cikin manyan wuraren da ake sayar da kai da ƙafa da gashin ungulu, saboda camfin cewa suna kawo sa'a, ko farin jini, ko sanin abin da ke tafe, ko maganin taɓin hankali. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan kasuwannin Arewa ya nuna cewa har daga maƙwabta irin su Nijar da Cadi ake kawo kayan. Ga mai irin wannan imani amsar tana cikin karin maganarmu: in da kura tana maganin zawo, da ta yi wa kanta. Tsuntsuwar da ta kasa hango mai tarko ba ta da gaibin da za ta nuna wa wani.

Bayan waɗannan, akwai sare manyan itatuwa irin su rimi da tsamiya da kuka da maɗaci, inda take sheƙa, da kuma sauyin yadda ake yanka da zubar da tarkacen nama, wanda ya rage mata abinci a wasu garuruwa.

Ma'aunin Daraja

Yanzu mu komo ga tambayar asali. Da me ake auna darajar dabba?

Ma'auni na farko shi ne sha'awa, kuma shi ne ya fi rinjaye a aikin hukuma. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma har yau in an ambace shi giwa da zaki da ɓauna ake tunawa. Wannan aiki ne mai kyau, ba na kushe shi. Amma an gina shi a kan tunanin cewa naman daji yana can daji, a shata masa iyaka, a sa masa masu gadi. Ungulun gari ba ta shiga wannan tsari ba, domin a tsakiyarmu take zaune, kuma ba wanda zai biya kuɗin mota ya je kallonta.

Ma'auni na biyu shi ne kuɗi. A nan ne abin ya fi muni, domin ungulu mai rai ba ta da farashi a kasuwa, matacciya ce mai farashi. Bugu da ƙari, gwargwadon yadda take ƙaranci, gwargwadon yadda kuɗinta ke hawa, mai kamu kuma ya ƙara ƙaimi. Aikin tsabtar da take yi wa dukan gari ba ya cikin littafin ma'aji, sai ranar da ta tafi lissafin yake fitowa a asibiti.

Akwai ma'auni biyu da suka fi waɗannan adalci. Ɗaya shi ne haƙƙin ita dabbar a kan kanta, domin mai rai ce, tana jin zafi. A 1789 wani masanin falsafa na Ingila, Jeremy Bentham, ya yi hujja da cewa jin wahala shi ne abin dubawa ga dabba, ba hankali ko magana ba. Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun muna makarantar allo aka ba mu labarin matar da ta shiga azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, da mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin lura shi ne, kare ba dabba ce mai daraja a idon jama'a ba. Ashe haƙƙi ba ya bin kyan gani.

Ɗayan kuma shi ne matsayin dabba a cikin ginin halitta baki ɗaya. Wani ma'aikacin gandun daji na Amurka, Aldo Leopold, a littafinsa da ya fito a 1949, ya nemi a ɗauki ƙasa da ruwa da tsirrai da dabbobi a matsayin al'umma guda, wadda mutum ɗaya ne daga cikin 'ya'yanta. A wannan ra'ayi, abin tambaya shi ne, in an zare wannan halitta, me zai rushe?

Waɗannan ma'auni biyu sukan saɓa wani lokaci. Idan jan-baki ya sauka a gonakin shinkafa na Haɗeja, ko karnuka masu hauka suka yi yawa a gari, hukuma kan kashe don ta tsare jama'a, mai duban ran dabba ɗaya kuwa ba zai ji daɗi ba. A irin wannan hali dole a yi awo, a kashe gwargwadon larura, ta hanya mafi sauƙin wahala, ba tare da an haɗa da wanda bai ji ba bai gani ba. Amma game da ungulu babu saɓani ko kaɗan. Mutuwar guba mutuwar azaba ce, kuma gurbin da take bari babu mai cike shi sai kare da ɓera da ƙuda.

Masu Ja da Wannan Magana

Adalci ne a saurari masu ja. Makiyayi zai ce, saniyar da kura ta kashe ita ce dukiyarsa, wa zai biya shi? Gaskiyarsa ce, kuma duk tsarin kare namun daji da ya ɗora wa talaka asara ya bar wa wasu riba ba zai ɗore ba. Sai dai guba ba ta zaɓe. Takan kashe karen makiyayin, ta shiga ruwan da shanunsa da 'ya'yansa za su sha. Mai kamu zai ce abinci yake nema. Shi ma a ji shi, amma a tuna masa cewa sana'ar da ke cinye jarinta ba ta da gobe.

Wani kuma zai ce zamani ya wuce ungulu, a gina mayanka ta zamani, a riƙa binne mushe. Madalla da wannan, a yi. Amma ina motar da za ta bi kowane burtali da kowace makiyaya daga Sakkwato zuwa Barno, ta ɗauke jakin da ya faɗi ko tunkiyar da ta mutu? Indiya ba ta iya ba. Hukumar da har yanzu take fama da kwashe sharar cikin birni bai kamata ta sallami ma'aikacin da ba ya karɓar albashi ba.

Abin da Ya Rataya a Wuyan Hukuma

Doka ba ta yi mana ƙaranci ba. An yi Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, an kuma yi doka mai lamba 11 ta 1985 a kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka gyara a 2016 aka ƙara yawan tara. A 2017 kuma, a birnin Manila, ƙasashen duniya sun amince da shiri na musamman don ceton ungulayen Afirka da Turai da Asiya. Abin da ya rage shi ne aiki, kuma tun da ungulu 'yar gari ce, aikin bai tsaya ga mai gadin daji ba.

Na farko, a ƙidaya. Kowace ƙaramar hukuma tana iya sa duba-gari da sarkin fawa su rubuta ungulu nawa ke sauka a mayanka, sau ɗaya a wata. Na biyu, masu tsara gari da masu fitar da hanya su bar manyan itatuwa, musamman wanda aka ga sheƙa a kansa, a kuma sanar da mai unguwa. Na uku, likitocin dabbobi su guji dikulofenak, domin an jarraba an ga yana kashe ungulun daji mai farin baya ta Afirka, ga kuwa melokzikam wanda aka tabbatar ba ya cutar da ita. Na huɗu, malaman gona su sa ido a kan sayar da magungunan ƙwari masu ƙarfi, kuma duk mushen da ake zaton da guba a jikinsa a binne shi nan take. Na biyar, a zauna da masu maganin gargajiya cikin mutunci. Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, watau NCF, ta riga ta fara aiki da wasunsu don su koma ga saiwa da ganye maimakon sassan ungulu, kuma wanda ake girmamawa a cikin sana'a shi ne maganarsa ta fi shiga.

Mu ma malaman Hausa da marubuta muna da namu kason. Ba za mu goge karin magana ba, ba ma so mu goge. Amma in mun koyar da shi, sai mu gaya wa yaro abin da jewar take yi wa garinsu.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga yadda harshenmu ya lura da ungulu amma ya raina ta, mun ga aikin da take yi, da abin da rashinta ya jawo a Indiya, da hanyoyin da ake kashe ta a Afirka. Mun kuma ga cewa sha'awa da farashi ba su isa ma'auni ba, dole a haɗa da haƙƙin mai rai da matsayinsa a cikin halitta. Ɗaliban da ke nan su ne za su riƙe ma'aikatun gona da lafiya da gandun daji nan gaba kaɗan. Roƙona gare ku shi ne, duk ranar da takarda ta zo teburinku a kan sare itace, ko shigo da magani, ko kashe wata dabba da ake kira mai ɓarna, kafin ku sa hannu ku tambaya wane aiki take yi, kuma wa zai yi shi in ta tafi.